Kifin kokani da hukuncin farauta don nishaɗi

Kokani kifi ne daga dangin salmon da ke rayuwa a tafkuna masu sanyi na yammacin Amurka da Kanada, ana kuma samunsa a Japan da gabashin Rasha. Asalinsa ɗaya da jan salmon mai zuwa teku, har masana suka ba su suna guda, Oncorhynchus nerka. Sai dai shi kokani ba ya sauka teku. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, a nan yake girma, a nan yake mutuwa. Yawancinsa bai kai kilo ɗaya ba, ko da yake a shekarar 2010 an kama wani a tafkin Wallowa na jihar Oregon da ya haura kilo huɗu. Yakan yi shekara uku zuwa biyar jikinsa na walƙiya kamar azurfa. Idan lokacin zuba ƙwai ya zo, a watannin ƙarshen shekara, sai jikin ya rine ja, kai ya koma kore, muƙamuƙin namiji ya lanƙwashe, su haura rafuka ko su nufi gaɓar tafki mai tsakuwa, su zuba ƙwai, su mutu gaba ɗaya.

Abincinsa ƙananan halittu ne da ke yawo a cikin ruwa, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, yana tace su ta matsefatan da ke cikin maƙogwaronsa. Wannan ne ya sa kama shi da ƙugiya ya zama fasaha ta musamman, domin babu yadda za a yi a soka irin wannan abinci a bakin ƙugiya. Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce jan fatsa a bayan jirgin ruwa mai tafiya a hankali, kamar kilomita biyu zuwa uku a awa. Kokani yana son ruwan da sanyinsa ke wajen digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka idan zafi ya shigo, saman tafki ya ɗumama, sai garken ya nutsa ƙasa, mita goma, mita ashirin, wani lokaci fiye da talatin. Masunci yakan gano zurfin da suke da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta nuna kifi a allo. Sannan ya saukar da igiyarsa da wata ƙaramar na'ura da ake kafawa a gefen jirgi, dawunriga, mai ɗauke da waya da dunƙulen darma mai nauyin kilo uku zuwa biyar. Ana maƙala igiyar fatsa a jikin wayar da ɗan matsewi, idan kifi ya kai cafka sai igiyar ta kuɓuce daga darmar, a bar mutum da kifinsa.

A ƙarshen igiyar akwai wani faifan ƙarfe mai sheƙi da masu abin ke kira doja, wanda ke kaɗawa hagu da dama yana walƙiya. Bayansa da kamar taƙi ɗaya ko biyu ake ɗaura ɗan abin ruɗin: ko 'yar roba mai geza, ko duwatsun ado da ƙaramin ƙarfe mai juyawa, yawanci ruwan hoda ko ruwan lemo ko kore, da ƙananan ƙugiyoyi biyu a jere. A bakin kowace ƙugiya akan soka ƙwayar farar masara ta gwangwani da aka jiƙa da tafarnuwa ko man kifi. Bakin kokani yana da taushi ƙwarai, ƙugiya na iya yage shi da ɗan fizga kaɗan, shi ya sa ake amfani da sanda mai laushi, wasu kuma su ƙara guntun roba mai miƙewa a jikin igiyar don ta shanye ƙarfin fizgar.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan kaya da ya yi kama da abin da kokani ke ci. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma yawancin kifaye kwaɗayin ne ke kai su ga ƙugiya, amma masuntan kokani sun fi karkata ga cewa shi tsokana ce ke kai shi. Wani abu mai ƙyalli ya kutso cikin garke yana rawa, sai ya kai masa cizo don ya kore shi. Ke nan dukan fasahar an gina ta ne a kan harzuƙa dabbar da ba ta nemi kowa da faɗa ba, kuma mafi yawan masu yinta ba yunwa ce ta fito da su ba. Kuɗin jirgi da inji da mai da na'urori ya ninka kuɗin naman da za a samu sau da yawa. Daga nan tambayar addini da ta falsafa take tasowa: me ya halatta wa mutum ya kama rai, ya wahalar da shi, ya kashe shi, alhali babban abin da yake nema jin daɗin kamun ne?

Batun yaudara shi ne mafi sauƙin warwarewa. Akwai labarin da ya shahara a bakin masu wa'azi, na malamin hadisin da ya yi doguwar tafiya don ya karɓi ruwaya daga wani mutum, ya tarar da mutumin yana kiran dabbarsa yana nuna mata kamar akwai abinci a rigarsa alhali babu, sai ya juya bai karɓi komai daga gare shi ba. Labarin yana magana ne a kan amanar mai ruwaya, ba hukuncin farauta yake yankewa ba. Farauta duk dabara ce. Tarko dabara ne, raga dabara ce, ɓuya a bayan itace dabara ce, kuma malaman fiƙihu ba su hana kamun kifi da ƙugiya ba. Ƙarya tana zama ƙarya ne tsakanin waɗanda ke da alkawarin gaskiya a junansu, kifi kuwa ba a yi masa alkawarin komai ba. Abin da yake da haƙƙi a kai shi ne kada a azabtar da shi, kada kuma a salwantar da ransa a banza.

Halaccin cin kifi ba abin jayayya ba ne. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa da abincinsa, aya ta 14 ta Suratun Nahli kuma ta lissafa ɗanyen naman da ake fitarwa daga teku cikin ni'imomin Allah. Kifi ba ya buƙatar yanka. Inda malamai suka tsaya suka yi nazari shi ne niyyar mafarauci. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗaliban ilimi a ƙasar Hausa suka sani sarai, ta raba abin biyu a taƙaice: farauta don wasa makaruhi ce, farautar da ba don wasa ba kuwa halal ce. Masu sharhi a mazhabar Malikiyya sun faɗaɗa har suka ce hukunce-hukunce biyar duk suna iya hawa kanta. Tana zama wajibi ga wanda iyalinsa za su kwana da yunwa in bai fita ba, tana zama abin so ga mai neman yalwata wa gidansa ko yin sadaka, tana kuma zama haram idan ta sa an bar salla ko kuma an kashe dabba ba da nufin amfana da ita ba. Ibn Hajar ya kawo irin wannan rarrabewa a Fathul Bari: wanda ya yi farauta don nishaɗi amma da niyyar ci, Imam Malik ya ƙi abin, mafi yawan malamai sun halatta, wanda kuwa ba shi da niyyar amfana, aikinsa ɓarna ce a bayan ƙasa.

A wannan ma'auni, mai jan fatsar kokani da ke kai kamunsa gida yana cikin sarari. Naman kokani ja ne mai maiƙo, ana gasa shi, ana ƙyafe shi da hayaƙi, ana adana shi a kwalba, kuma yawancin masu nemansa don cin suke nemansa ko da nishaɗin ya fi yawa a zuciyarsu. Jin daɗin aiki ba ya ɓata halaccinsa. Manomi ma yana jin daɗin girbi.

Wahalar tana wajen ɗaya al'adar, wadda ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila, ta a kama kifi a cire ƙugiya a mayar da shi ruwa. Masu yinta suna ganin tausayi ne da kiyaye albarkatun ruwa, kuma ga wasu kifaye masu juriya tana hana a ƙarar da su. To amma idan an dube ta da idon fiƙihu, ita ce ta fi kusa da abin da aka hana, domin an cire niyyar ci gaba ɗaya, saura wasan kawai. Muslim ya ruwaito hani daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mayar da abu mai rai abin gwada harbi, Nasa'i kuma ya ruwaito cewa za a tambayi wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ba bisa haƙƙinsa ba, aka fassara haƙƙin da a yanka shi a ci. Mai sakin kifi zai ce ai shi bai kashe ba. Amsar wannan ta rataya a kan abu biyu: ko kifi yana jin zafi, da kuma ko wanda aka saka yana rayuwa.

A kan jin zafi masana sun rabu. A shekarar 2002 James Rose na Jami'ar Wyoming ya yi hujja da cewa ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke sa mutum ya san yana jin ciwo, don haka zillon da kifi ke yi martanin jiki ne kawai. Shekara guda bayan haka Lynne Sneddon da Victoria Braithwaite da Michael Gentle, a Cibiyar Roslin ta Sukotland, suka nuna cewa akwai jijiyoyin gane cutarwa a fuska da leɓen wani kifi ɗan uwan kokani na kusa. Da suka sa wa kifayen dafin zuma ko ruwan tsami a leɓe, sai numfashinsu ya ƙaru, suka daɗe ba su koma cin abinci ba, wasu suna goga baki a tsakuwa. Muhawarar ba ta mutu ba har yau, amma nauyin hujja ya yi ta komawa ɓangaren masu cewa akwai wani nau'in wahala da kifi ke sha. Tun 1789 Jeremy Bentham ya ce abin dubawa game da dabba shi ne ko tana shan wahala, ba ko tana da hankali ko magana ba. Mai bin shari'a ma ba sai ya jira masana sun daidaita ba, tunda inda ake shakkar cutarwa kuma babu wata buƙata da ta tilasta, barin abin ya fi. Wasu ƙasashen Turai sun isa wannan matsaya ta tasu hanyar. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta hana jawo wa dabba ciwo ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, ana kuma ɗaukar ci a matsayin dalili, wasa kuwa ba a ɗaukarsa. Suwizalan ta hana, tun 2008, a fita kamun kifi da niyyar sakinsa tun farko.

A kan rayuwa bayan saki, kokani yana cikin kifaye mafi rauni. An fizgo shi daga ruwa mai sanyi zuwa saman da rana ta gasa, ya yi ta tsalle da birgima har ƙarfinsa ya ƙare, ƙugiya biyu sun yaga baki mai taushi, ɓawon jikinsa kuma yana zuba da zarar hannu ko raga ta taɓa shi. Da yawa daga cikin waɗanda aka saka sukan yi iyo su ɓace kamar lafiya lau, daga baya su mutu a inda ba mai gani. Gogaggun masuntan kokani da kansu suna gargaɗin juna a kan haka, musamman a tsakiyar zafi. Mafi munin ɗabi'a ita ce ta mai zaɓe, wanda ke sakin ƙanana yana ci gaba da ja don ya cika adadinsa da manya. Zai koma gida da abin da doka ta yarda masa, ya bar gawarwakin da ba a lissafa ba a ƙarƙashin tafki. Wannan, ko da hukuma ba ta kama shi ba, kisa ne ba bisa haƙƙi ba.

Akwai masu cewa ai kokani mutuwa zai yi bayan ya zuba ƙwai, don haka kashe shi ba asara ba ce. Hujjar ba ta tsaya ba. Wanda aka kashe kafin ya zuba ƙwai an yanke zuriyarsa, kuma gawar wanda ya mutu a rafi ba ta tafi a banza ba, gaggafa da beyar da ƙwarin ruwa suna rayuwa a kanta. An ga haka a Montana. Bayan hukuma ta zuba wani ƙaramin jatan lande a tafkunan da ke malala cikin tafkin Flathead, da nufin ƙara wa kifi abinci, sai ya gangaro ya cinye abincin kokani. A 1981 an ƙirga gaggafa fiye da 600 da suka taru cin kokanin tafkin da ya hauro rafin McDonald, kafin ƙarshen shekarun 1980 kifin ya kusa ɓacewa, gaggafan ma suka watse.

Abin da ya rage wa mai son wannan kamu shi ne kyautatawar da hadisin Shaddad ɗan Aus a Sahihu Muslim ya wajabta a kan komai, har a wajen kisa. A aikace, ya jawo kifin ba tare da ya tsawaita kokawa don jin daɗi ba, ya ɗauke shi da koma mai doguwar ƙota, ya buge shi a ka nan take maimakon ya bar shi yana shure-shure a cikin jirgi, ya sa shi a ƙanƙara don kada naman ya lalace. Ya riƙe duk wanda ya kama, babba ko ƙarami, idan doka ta yarda, ya naɗe igiya da zarar ya sami abin da gidansa da maƙwabtansa za su ci. A wasu tafkunan Idaho da Oregon an yarda mutum ya ɗauki har 25 a rana, domin idan kokani ya yi yawa abinci ba ya isarsa sai ya tsumbure, rage shi kuma gyara ne. Amma iznin hukuma bai ɗauke hanin almubazzaranci ba ga wanda zai cika firiza da kifin da ƙarshensa juji. Inda kuwa kifin ya ragu har aka hana riƙe shi, kamar kokanin asali na tafkin Sammamish kusa da Seattle, babu sauran dalilin saukar masa da doja da masara, wanda kuma ya faɗa ƙugiya bisa kuskure a cire masa ita yana cikin ruwa ba tare da an ɗaga shi ba.