Gigin Tsufa: Gado ne ko Zama?

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Su ne kuma suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Karin maganar farko ya danganta halin mutum da gado, na biyu kuwa da zama. A wannan ɗan rubutu za mu auna su a kan gigin tsufa, wato lalurar da kan sa dattijo ya ɓace a unguwarsu, har ya tambayi ɗan cikinsa sunansa.

Babu shakka gado yana da hannu. A 1993 masana a Amurka suka gano cewa wanda ya gaji wani nau'in ƙwayar halitta mai suna APOE4 ya fi fuskantar cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa gigin. Sai dai da yawa sun gaje ta, kuma sun tsufa da hankalinsu garau.

Shi ma zama ba a bar shi a baya ba. Tun 1992 likitoci suka shiga bibiyar tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna yawan masu kamuwa a Ibadan bai kai rabin na can ba. A 2024 kuma kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon. Cikinsu akwai ƙarancin ilimi, da hawan jini, da raunin ji, da kaɗaici.

A nan ne tambayar ta dawo kanmu. Yarinyar da aka cire daga makaranta ba ita ta zaɓa ba. Tsohon da muka bari a gida muka taho neman ilimi, ba mai auna jininsa, ba abokin hira, shi ma bai zaɓa ba. In muka ce gado ne kawai, mun wanke kanmu. In muka ce maita ce, kamar yadda akan yi wa wasu tsofaffin mata, mun haɗa sakaci da zalunci.

Gado dai ba mu da iko da shi, amma zaman iyayenmu mu ne muke shirya shi. Tsohuwar da ta manta sunanmu ta san shi tun kafin mu san kanmu, kuma mantuwarta ba ta sauke mana haƙƙinta ba.