Sakin Reshe, Kama Ganye

Duk wanda ya taɓa hawa mangwaro yana yaro ya san abin da Bahaushe ke nufi da ya ce kada a saki reshe a kama ganye. Ganye ya fi ɗaukar ido, shi ne kore shar, shi ke rawa in iska ta kaɗa, amma ba ya ɗaukar nauyin mutum.

Maganar nan kan faɗo mini a rai in na ji matasa masu rubuta manhajar kwamfuta suna cewa aikin albashi bauta ne, gara mutum ya ajiye ya kafa nasa. Sukan kafa hujja da manyan kamfanonin Amurka, alhali tarihin wasu daga cikinsu ba haka ya nuna ba.

A watan Satumba na 1995, Pierre Omidyar yana aiki da kamfanin General Magic a Kalifoniya ya buɗe wani ɗan shafin gwanjo mai suna AuctionWeb. Sha'awa ce kawai, kyauta ake shiga. Da jama'a suka yi yawa, masu ba shi intanet suka ɗaga kuɗin wata daga dala 30 zuwa 250, dole ta sa ya fara karɓar ɗan kamasho a hannun masu sayarwa. Suka kuwa biya. Duk da haka bai bar ofis ba sai a 1996, bayan abin da shafin ke kawowa ya zarce albashinsa. Shafin nan shi ne ya koma eBay a 1997.

To ka ga inda reshe yake. Abokai su cika ka da "wallahi ka iya", mutum dubu su sauke manhajarka kyauta, duk ganye ne. Baƙon da bai san ka ba, ya ciro kuɗinsa ya biya, wata ya zagayo ya sake biya, wannan ne abin da za ka iya ɗora nauyin iyalinka a kai. Kafin a kai nan, barcinka da hutun Asabar ɗinka ne za su ji jiki, har zumunci sai ya taɓu.

Shi ma reshen da kake riƙe da shi yanzu, wato aikin albashinka, yana da haƙƙi a kanka, kuma nan ne da yawa ke yin sakaci. Steve Wozniak injiniya ne a Hewlett-Packard lokacin da ya ƙera kwamfutar Apple ta farko a 1976. Sai da ya fara kai wa iyayen gidansa, suka ce ba sa bukata, sannan ta zama tasa halak malak. Kamfanoni da dama kan rubuta a yarjejeniyar aiki cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira da kayansu ko a lokacinsu nasu ne. Yin aikin kanka a kwamfutar ofis ana biyan ka albashi cin amana ne, ranar da abin ya fara kawo kuɗi kuma lauyoyi za su zo.

In kana da niyyar kafa naka, ɗauko takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka aiki, ka karanta sashen mallaka da kyau kafin ka rubuta ko layi ɗaya.