Shin Bahago Mai Laifi Ne?

Ya ku 'yan makaranta, yau ga wata magana da muke so mu auna tare da ku. Duk wanda ya ratsa lungunan Koki cikin birnin Kano da hantsi ya san muryar yara a zaure suna karatun allo. A cikinsu ba a rasa wani wanda in ya miƙa hannu zai ɗauki alƙalami, sai hagu ya riga dama. Nan da nan sai ka ji tsawa, wani lokaci har da bulala. A makarantar boko ma rula ta sha sauka a kan irin wannan hannu. To, tambayarmu ita ce, yaron nan laifi ya yi, ko kuwa mu ne muke zaluntarsa?

Masu dukan suna da hujja, ba kuwa za mu raina ta ba. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Addini ya hore mu da ci da sha da dama, al'ada ta hana miƙa wa babba abu da hagu, gama hagu aka ware wa tsarki. Wannan gaskiya ne. Ladabi ne, ladabi kuwa koyonsa ake yi, bahago ma yana iya shi in an bi shi da lallashi.

Amma ladabi dabam, halitta dabam. Masana sun gano cewa sashen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya gefen dama na jiki, na dama kuma ya juya hagu, kuma wajen mutum 1 cikin 10 bahago ne a ko'ina cikin duniya. Ashe ba taurin kai ba ne. Ku dubi Sarkin Ingila Joji na Shida, wanda ya yi sarauta daga 1936 zuwa 1952. Bahago ne, aka tilasta masa rubutu da dama tun yana ƙarami. Duk da haka da ya shiga gasar tanis a Wimbledon cikin 1926, da hagu ya buga. An canja masa hannun rubutu, halittarsa kuwa tana nan yadda take.

Ba sai mun tafi Ingila ba ma. Mu gangara wajen mahauta mu dubi mai kalangu. Dama ke riƙe da makaɗi, shi kowa ke kallo. Amma me ke sa kalangu ya yi magana har ya kira sunan mutum? Hagu ne, da ke matsa tsarkiya yana saki, murya ta hau ta sauka. Haka mai goge: dama na jan baka, amma yatsun hagu ke taɓa izgar su fitar da waƙa. Mai algaita kuwa yatsun hannu biyu yake ɗorawa bisa ramukan. Makaɗi bai taɓa raina hagunsa ba, don ya san da shi yake cin abinci, ko da ba shi ke kai loma baka ba.

Ga kuma wani abin mamaki. Ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu, boko daga hagu zuwa dama. Watau mai rubuta ajami da dama hannunsa na bin bayan tawadar da ba ta bushe ba, daidai wahalar da bahago ke sha wajen boko. Amma ba mu taɓa jin an doki kowa don wannan ba.

Saboda haka ga abin da muka gani. A koya wa yaro ci da gaisuwa da karɓa da dama, cikin taushin murya. Rubutu kuwa, da ɗinki, da sassaƙa, da kiɗa, a bar shi da hannun da Allah ya ƙarfafa masa. Ku kuma da za ku zama malamai gobe, ranar da kuka ga ƙaramin hannun hagu ya ɗauki alli, ku tuna da mai kalangu kafin ku ɗaga rula. Magabata sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba su kuwa ce wanne ne a ciki ba.

Allah ya sa mu gane, amin.