In Tankar Mai Ta Kife A Garinku, Me Ka Shirya?

 

Ya ɗan'uwana saurayi, ko a Karaye kake ko a Rogo, ka ara mini hankalinka. Ranar Talata da dare, 15 ga Oktoba 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Mai ya malala cikin kwata, mutane suka fito da bokiti da jarka suna kwasa, sai wuta ta tashi. Da fari an ƙirga mutum fiye da 150, daga baya adadin ya haura 180, da yawa a rami guda aka binne su. Wata uku tsakani, 18 ga Janairu 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Na san abin da wani zai ce: ai ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai mutuwa sai da ajalinsa. Amma ba mu fi Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sanin ƙaddara ba. Yana kan hanyar Sham aka tarye shi a wani wuri da ake kira Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Bai ce Allah Ya tsare ya wuce ba. Ya tara Muhajirai ya yi shawara da su, ya tara Ansaru, sa'an nan ya tara dattawan Ƙuraishawa, daga bisani ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara ne wannan, sai ya fahimtar da shi cewa juyawar ma ƙaddara ce, kamar makiyayin da ya samu kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe. Duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Labarin yana cikin Bukhari da Muwaɗɗa. Haka kuma da wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, umarni ya bayar a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Watau bayan masifa sai a kafa ƙa'ida, kada a sake.

To, shi man da ya zube ɗin, na wane ne? Ba tsintuwa ba ne, domin mai shi sananne ne, ga direba nan ko yana tsaye ko yana kwance cikin jini. Kwasarsa cin dukiyar mutum ne ba da yardarsa ba, kuma jefa kai cikin halaka ne, wanda aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana. Ban manta da tsadar rayuwa ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 ɗan acaɓa ya san yadda yake ji, lokacin Majiya kuwa lita ta kai naira dubu. Amma jarka guda nawa za ta kawo maka? Za ta biya wa tsohuwarka ɗanta?

Ka fahimci halin fetur. Ba ruwan ne yake fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin nan ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana taruwa cikin kwata da rami, idonka ba ya ganinsa. Ba sai an ƙyasta ashana ba. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko wani ya tayar da babur, ko a kunna janareto, shi ke nan. Wanda ya zo kallo da wanda ya zo kwasa duk wuta ɗaya take ci. Masana aikin agaji sun ce in mai ya zube da yawa a janye mutane mita 300 ta ɓangaren da iska ta nufa, in tankar ta kama kuwa mita 800 ta kowane gefe. Kuma ba a kashe wutar fetur da ruwa, yaɗa ta yake yi; ƙarama yashi ne maganinta, babba ka bar wa 'yan kwana-kwana.

A nan ne maganar take. Daga birnin Kano zuwa Karaye tafiya ce ta fiye da awa guda, Rogo ta fi nisa, balle Zarewa ko Fulatan ko Turawa. Akwai NEMA ta tarayya tun 1999, akwai SEMA ta jiha, kuma tsarin ƙasa ya tanadi kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Amma minti goman farko, wanda a cikinsa ake tsira ko a halaka, babu kowa a wurin sai ku. Shi ya sa nake ganin wannan shiri farillar kifaya ce a kan kowane gari: in wasu sun tsaya da shi an sauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi.

Ku zauna bayan La'asar, da liman da mai unguwa da 'yan agaji da 'yan sintiri, ku yanke tun yanzu. Wa zai hau lasifikar masallaci ya ce kowa ya kashe wuta ya nisanci titi? Su wa za su tare hanya gaba da baya? Ina filin da za a kai mata da yara, sashen da iska take fitowa? Motar wa za ta ɗauki masu rauni, kuma da dare ina makullinta? A rubuta lambar DPO da ta asibiti da 112 da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, a manna a bangon masallaci. Wanda ya ƙone a kwarara masa ruwa mai tsabta minti 20, a lulluɓe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki.

Kuma kada ka ce tanka ba ta bi ta ƙauyenku. Na taɓa tsayawa shan mai wurin wani ɗan bumburutu, kwalabensa jere, tsakaninsa da tukubar mai tsire bai fi taku biyar ba. Na yi masa magana, ya yi dariya ya ce shekararsa bakwai a wurin. Gubar ma tana cikin ɗakinka. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake, da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa, amma za ka ga buhun a ɗakin da yara suke kwana. Maganin feshi a zuba a robar lemo a ajiye bayan ƙofa. Wanda ya sha, ko ya jiƙe da shi a gona, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A tuɓe masa kaya, a wanke shi da sabulu, a tafi da shi asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san abin da zai ba shi.

Mai wanke injin feshi a bakin madatsar Challawa ko a rafin da ke shiga cikinta, ya sani masunta suna ci a nan, makiyaya suna shayarwa, kuma kogin nan har Kano ake shan ruwansa. Ku sa wannan ma cikin abin da za ku zauna a kai, ku ware wurin wanki nesa da ruwa da rijiya, ku sa ranar zaman kafin a watse daga masallaci Juma'ar nan.