Jagora da Ƙoƙon Giya

Ya kai mai karatu, a biranen Jamus baƙo yakan biya jagora ya zaga gari da shi a ƙafa, daga baya su zauna su ɗanɗana giya iri iri. Kai fa, idan baƙo ya sauka filin jirgin sama na Ambursa, ya roƙe ka ka nuna masa Argungu, ina za ka kai shi?

Kai shi gidan tarihi na Kanta, wanda dā fadar sarki ce. Kai shi Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi da aka soma a 1934. In ya ce a ɗanɗana burkutu kaɗan, ka tuna jihar Kebbi tana bin shari'ar Musulunci tun 2000, maƙwabtanka kuwa suna duban tafiyarka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Wataƙila baƙonka ya daɗe yana kokawa da sha. Ƙoƙon da yake ɗanɗano gare ka, rami ne gare shi, gama alhakin inda ƙafar baƙo ta taka yana wuyan jagora. Sabili da haka ka ba shi fura da gasasshen kifi, ka mai da shi masauki da hankalinsa.