Faɗakarwa a kan Ciki da Linzamin Rai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu.

Bayan haka, ya kai muridi, ka sani rai doki ne, haƙuri linzaminsa. Wanda ya jinkirta loma har yunwar gaskiya ta zo, ya hori ransa. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayanin karya sha'awar ciki a Ihya'u, ya nuna abin nema tsakaitawa ne.

Amma cuta biyu ce a nan. Wani ci ke rinjayarsa, ya cika tumbi a ɓoye, sa'an nan kunya ta rufe shi. Wani kuwa yana ƙin ci don tsoron ƙiba har ya rame, yana zaton ƙarfin hali ne. Likitoci sun tabbatar wannan cuta tana kisa. Ba zuhudu ba ne. Ai Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana sahabbai wisali, wato haɗa azumi ba buɗa baki.

Ɗan'uwan da ka gani haka, kada ka zarge shi, kada kuma ka yabi ramarsa. Ka kai shi ga likita, ka zauna ku ci tare, domin jiki amana ne.

Allah ya datar da mu, amin. Tammat bi hamdillahi.