Amanar Mai Taƙaitawa

Tun zamanin magabata malaman hadisi suka yi saɓani a kan wata mas'ala, wato ko ya halatta ga mai ruwaya ya taƙaita hadisi, ya kawo wani sashe ya bar wani. Wasu suka hana baki ɗaya saboda tsantseni, amma mafi yawa suka tafi a kan halacci, da sharaɗin mai yin haka ya kasance masani, kuma abin da ya bari bai rataya da abin da ya kawo ba ta yadda ma'ana za ta gurɓace. A ganina wannan mas'ala ba ta tsufa ba, domin kuwa ita ce yau take gaban masu gina rumbun bayanai na kwamfuta, ko sun san da haka ko ba su sani ba.

Irin rumbun da ake magana a kansa, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1970, jadawali ne mai layukan kwance da na tsaye, tamkar rajistar da ma'aikacin lafiya zai buɗe a Nasarawar Burkullu ya ja mata layi da biro, nan suna, nan ƙauye, nan shekaru, can kuma bayanin ciwo. Da yake wurin ajiya yana da tsada, sai aka ƙirƙiro dabarar matse rubutu, wadda Lempel da Ziv suka yi fice da ita a 1977: duk abin da ya maimaitu ba a sake rubuta shi, ishara kawai ake yi zuwa inda ya fara zuwa. A 2021, cikin fitowa ta 14 ta manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, aka ba mai tsara rumbu ikon zaɓa wa kowane layin tsaye hanyar matsewarsa, ko tsohuwar da ake kira pglz, ko kuwa lz4 wadda ta fi ta saurin naɗewa da warwarewa.

Wanda ya zauna a zaure gaban malami ya karanta Muhtasar na Shaihu Halil ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shehin, Allah Ya ji ƙansa, ya dunƙule fiƙihun Malikiyya cikin ɗan littafi, kuma tun a gabatarwa ya miƙa wa almajiri mabuɗi, ya bayyana lafazin da yake nufin littafin Mudawwana da shi, da wanda yake nuni ga Lahmi, da na Ibn Yunus, da na Ibn Rushd, da na Maziri, ta yadda duk wanda ya riƙe mabuɗin zai iya mayar da kowace magana ga mai ita. Sai dai dunƙulewar ta yi tsanani har ta buƙaci sharhohi masu mujalladai, irin na Haɗɗab da na Dardir, kuma Ibn Haldun ya koka a Muƙaddimarsa cewa yawan taƙaitattun littattafai yana wahalar da mai neman ilmi. Abin da aka rage na takarda, ɗalibi ne yake biyansa da shekarunsa. Haka injin yake biya da lokaci duk sa'ad da zai warware abin da aka matse, shi ya sa layin da ake buɗewa kullum da wanda ba a taɓawa sai shekara-shekara bai kamata a yi musu hukunci ɗaya ba, kuma ina ganin masu manhajar sun yi adalci da suka bar zaɓin a hannun wanda ya san bayanan.

Amma duk waɗannan hanyoyin matsewa na kwamfuta suna mayar da abin da aka ba su cif, ba ragin ko wasali. Akwai wata taƙaitawar da ba ta mayarwa, kuma mutanen ƙasar Bukkuyum da Anka sun ga fuskarta a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su 'Yargalma, Dareta, Abare da Bagega. Ƙaramar na'urar auna jini da ake iya ɗauka zuwa ƙauye iyakar lissafinta mikrogiram 65 a kowace desilita. Abin da ya haura haka sai ta nuna ya yi yawa kawai, ta yi shiru. Yaron da yake da 70 da wanda yake da 300, wanda farfaɗiya ke gab da kamawa, amsa ɗaya ta ba su, alhali maganinsu da gaggawarsu ba ɗaya ba ne. Wannan shi ne ainihin abin da malaman hadisi suka hana, domin abin da aka bari shi ne hukunci ya rataya a kansa. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da na hukumar CDC ta Amurka suka koma tsarma jinin suna sake aunawa, sannan adadin kowane yaro ya fito, aka rubuta shi a layinsa, aka san wanda za a fara kwantarwa a asibiti.